Lu'ulu'un Zabin Barira

Sau ɗaya tak Jibrilla ya taɓa ganin teku, shi ma daga saman buhunan albasa, lokacin da ya bi wata babbar mota zuwa Kwatano yana dako. Direban bai ko tsaya ba. Amma tun da ya dawo ƙauyensu, can tsakanin Agye da Gazawa, babu hirar da za a yi bai tsoma teku a ciki ba. In ana maganar wake, sai ya ce a bakin teku ba haka ake shuka shi ba. In akuya ta yi ɓari, ya san abin da mutanen teku ke ba ta. Da mutane suka gaji sai suka laƙaba masa Na-Teku, shi kuwa ya ɗauka sarauta aka naɗa masa.

Matarsa Barira ba ta san teku ba, zabi ta sani. Duk damina sai ta bi gindin danga da cikin ciyawa tana tsintar ƙwansu, ta sa wa kaza ta kwanta, ta yi renon tsakin da gara da tsakin gero har su yi ƙarfi. Da haka ta tara garke guda, sha biyu. A cikinsu akwai wata mai farin ƙirji da take kira Hwara, wadda ta fito daga irin da marigayiya mahaifiyarta ta ba ta. Duk gidan an san ana iya wasa da komai, ban da Hwara.

Wata ranar damina, Barira na gona, sai ga Gwaggo Tala, yayar mahaifin Jibrilla, ta zo sallama za ta Gidan Sori wajen ɗiyarta da ta haihu. Ta zauna a tsakar gida tana jan carbi, shi kuwa ya buɗe mata labarin kifin da ya fi raƙumi. Ana cikin haka tsohuwa ta sunkuya tana tsince-tsince a ƙasa tana mita, zabi na zagayenta suna tsattsaga. Jibrilla bai ko kalli abin da ya zube mata ba, don a lokacin kifin ya fara haɗiye kwalekwale.

Bayan 'yan kwanaki wani mai moto, wato babur, ya taka zabo ɗaya, aka yi maza aka yanka. Ƙundu rabon maigida ne, kuma Jibrilla ba ya yarda kowa ya gyara masa. Yana tsaga shi, cikin tsakuwa da dusa, sai ga wani ɗan abu kewayayye, fari-fari mai ratsin kore. Ya wanke, ya ajiye a kan turmi cikin rana, ya gasa ƙundunsa ya cinye, sannan ya jefa abin a aljihu ba da wata niyya ba.

Da la'asar Barira ta ce ya ɗebo mata hatsi. Rumbunsu na laka ne, irin wanda ake ɗorawa a kan duwatsu, ana shiga ta sama da tsani. Ya hau, ya ture murfin ciyawa, ya dira ciki. Iska ta maido murfin, duhu ya rufe. Sai ya ga aljihunsa na ci da wani koren haske.

Ya karanto duk addu'ar da ya sani, har da ta shiga kasuwa. Da ya ga aljanin bai ce komai ba, ya sa hannu ya ciro. Abin nan ne na cikin ƙundu, yana haske a tafin hannunsa, ba zafi ba hayaƙi. Nan take ya tuna wani fasinja a hanyar Kwatano ya ce lu'ulu'u a cikin wata dabbar teku yake tsirowa, in ta haɗiyi yashi. To, wace dabba ce a duniya ta kai zabo haɗiyar yashi? Ya juya shi, ya ji har da 'yar huda a tsakiya. Ya ce Allah mai iko, har wurin zare an tanada.

Washegari ya daɗe a bayan gida yana ɗaga shi ga rana yana sha'awa, sannan ya kira Iro, ɗan Gwaggo Tala, taubashinsa kuma maƙwabcinsa. Suka shiga rumbu aka ja murfi. Bai buɗe hannu ba, ya dai bar hasken ya tsiyayo ta tsakanin yatsunsa.

Iro ya ce, “Bawana, ƙwaron damina ka kama?”

“Ƙwaron gidanku. Lu'ulu'u ne, wanda sarakunan Larabawa ke sa ma rawani. Wanda ya riƙe shi kunama ba ta harbinai, gonarshi ba ta ƙin yi, ko shari'a ya shiga shi ke da gaskiya.”

“To buɗe in gani.”

“Ido na kashe mishi haske. Mu da muka zauna teku mun san wannan.”

“Kun zauna? Na ji an ce motar ba ta tsaya ba.”

“Ta rage gudu.”

Kafin azahar duk garin ya ji, don Iro ba ya iya riƙe magana ko an ɗaure masa baki. Jibrilla kuwa ya riga ya gama tsari. Zabi sha ɗaya, kowane da lu'ulu'u a ciki. Zai gina bene, ya sayi kamiyo biyu, manyan motocin ɗaukar kaya, ya tafi Makka da Barira ta jirgi, kuma za a daina dariya in ya ce teku. Abin da ya rage kawai shi ne a fito da dukiyar daga inda take.

Ya jira Barira ta tafi gona, ya kama biyu ya yanka. Na farko tsakuwa ce zalla. Na biyu tsakuwa da guntun kwalba. Maƙwabta sun taru a bakin danga suna leƙe, sai ya ɗaga guntun kwalbar ya ce wannan ɗanye ne, da an bar shi wata guda da ya nuna. Tunda nama ba ya jira, aka raba, kowa ya yi masa fatan alheri da baki cike da maiƙo.

Barira ta dawo ta ga gashi a tsakar gida. Ta ajiye hauya, ta duba garke, ta dube shi.

“Malam, wa ya haihu?”

“Arziki ya haihu, Barira. Ke kina zaune bisa dukiya ba ki sani ba.”

“Na sani mana. Ni ke ba ta dusa sahe da marece. Nuna mini abin.”

“Idon mace...”

“Idon mace shi ya tsinto ƙwan da ka yanka yau. Ka ji ni da kyau. Waɗanga sun tahi, na bar ka da Allah. Amma ranar da ka taɓa Hwara, ka nemi mai dama maka hura, ni Sae Sabuwa za ni, gidan wana.”

Ya rantse ba zai taɓa ta ba, kuma har cikin ransa ya rantse, don in akwai abin da yake tsoro fiye da a ƙaryata shi, to gida ne babu Barira. Sai dai kansa bai bar aiki ba. Ya yi tunani ya gano inda matsalar take: dabbar teku ruwan gishiri take sha, su kuwa zabin nan ruwan rijiya ake ba su. Ya zuba gishiri cikin kaskonsu, ya ƙara da kanwa don ƙarfi, ya kulle su a akurki suka wuni da shi. Hwara kaɗai ta tsira, don ita a kan bishiyar bedi take wuni, ba ta shiga akurki.

Kafin marece zabi sun saki fukafukai suna layi. Aka yi ta gudu da wuƙa kada su zama mushe. Ranar duk unguwar ta yi ƙamshin farfesu, har wata tsohuwa ta tambaya ko Sallah ce ta zo ba a gaya mata ba. Barira ta shige ɗaki ta ja ƙyaure. Jibrilla ya zauna gaban tulin ƙundu yana tsagawa, zufa na zuba, mutane na tsaye a kansa. Tsakuwa, tsakuwa, ƙusa, maɓallin riga. A na kusa da ƙarshe yatsansa ya taɓa wani abu mai santsi. Ya damƙe hannu ya miƙe.

“Na biyu,” in ji shi. “Wanda ke da dariya shi yi yanzu.”

Da a ce bai samu ba, da watakila ya warke. Wannan na biyun shi ya ƙarasa shi. Washegari da sassafe ya ja jakinsa, wanda ke kai masa taki gona ya ɗauko ruwa, ya tsaya ƙofar Iro ya ce a yi musaya da zabin gidan. Iro ya yi ta noƙewa kamar ana cutarsa, sannan ya karɓi igiya da sauri. Aka sake hura wuta, maƙwabta suka zo da kwanoninsu ba tare da an kira su ba. Ƙundu bayan ƙundu, ko ɗanye babu.

Iro na shafa wuyan jaki ya ce, “Ka yi haƙuri, bawana. Zabina ba su yi yawon duniya ba.”

Jibrilla ya sake zurfafa tunani, ya gano cewa abin a jini yake. Zabin Barira duk jikokin irin Hwara ne, ashe ita ce uwar lu'ulu'u, nata kuwa zai kai ƙwan kaza. Ya gaya wa kansa ba yankawa zai yi ba, lalubawa kawai zai yi ya ji girmansa. Ya lallaɓa ta baya da zani. Zabuwa ta tashi, ya bi ta, ya ture tukunyar ruwa, ya ratsa dangar maƙwabta ya fito ta tsakiyar matan da ke sussuka, ya faɗa cikin kubewar liman. Abin da ya samu shi ne gashi cike da hannu. Hwara ta tsallake zana ta ɓace.

A ƙofar gida ya yi kiciɓis da Barira. Ta kalli farin gashin da ke hannunsa.

“Wallai ban yanka ba. Gudu ta yi.”

“Ranar kasuwar Gazawa in taksi ta zo, ni ma gudu zan yi.”

Aka wuni, aka kwana, Hwara ba ta dawo ba. Barira ta fara ɗaure kwanoninta. Jibrilla ya zagaye gonaki yana kiran zabuwa da muryar da ba tasa ba, bai gan ta ba. Tsoro ya kama shi na gaske. Dabara ɗaya ta rage masa: ya nuna wa Barira a gaban jama'a cewa asararta ba ta tafi a banza ba. Ya aika wa Alhaji Abdulhadi, babban mai sayen wake a Gazawa, cewa ya zo da safen ranar kasuwa ya ga abin da bai taɓa gani ba. Don kada ido ya ɓata kayan kafin ranar, ya naɗe su a tsumma, ya ɗinke cikin fata, ya sa a gwangwanin madara, ya tura ƙarƙashin gado, ko shi bai ƙara leƙawa ba.

Ranar ta zo bayan an kwana biyu ana ruwa. Gari ya taru a gidan Jibrilla, har da masu hawa bishiya. Barira na bakin ƙofa da ƙunshinta, tana jiran ƙarar mota. Alhaji ya iso a bayan moto, mutum ne da in ya zauna a tabarma sai a nemi wata don sauran baƙi.

Jibrilla ya sa rigar Juma'a, ya yi jawabi a kan teku, sannan ya ce sai cikin duhu. Ya hau tsani ya dira, Iro ya bi shi, sai Jaye wanzami a matsayin shaida. Alhaji ya hau da ƙyar ana tura shi, ya zura ƙafafu ta bakin rumbu, ya sauka har ƙugu, ya tsaya cak. Ba gaba ba baya. Rabinsa na waje yana kallon jama'a, rabinsa na ciki yana lilo.

Iro ya ce, “Madalla. Ba sai an sa murhi ba.”

Duhu kuwa ya yi yadda ake so. Jibrilla ya buɗe gwangwani, ya farke fata, ya warware tsumma, ya yi bisimilla ya shimfiɗa hannu. Suka miƙa wuya suna dubawa.

Jaye ya ce, “Ka buɗe, Na-Teku.”

“Na buɗe.”

“To ni ko hancina ba ni gani.”

“Ku dakata, shina tattara ƙarhi.”

Daga sama muryar Alhaji ta zo a daƙushe, “Mi kuka gani?”

Iro ya ce, “Mun ga ƙahwahunka, Alhaji, su ma da hannu.”

Jibrilla ya murza su, ya hura musu iska, ya tofa musu addu'a, ya goga a riga. Ko ƙyas. Zufa ta karyo masa. Ya ce lalle akwai marar alwala a ciki. Jaye ya ce shi da tasa ya fito. Ya ce to warin albasa ne, wani ya ci albasa. Iro ya ce in albasa ce ai mai kayan ya fi kowa daɗewa a kanta. Sannan Jibrilla ya ce ya gane, lu'ulu'u ba ya haske sai mai saye ya zo gabansa, a jawo Alhaji ciki.

Suka kama ƙafa ɗai-ɗai. Alhaji na cewa a bari, mutanen waje na danna kafaɗunsa don taimako. Bakin rumbu ya ɓare, Alhaji ya taho gaba ɗaya. Laka ta sha ruwan damina, ba ta da sauran haƙuri. Aka ji ƙara, gefe guda ya tsage ya zube, rana ta faɗo ciki, ƙura ta tashi. Da ta lafa sai ga Alhaji zaune a kan Jaye, Iro na tofar da ƙaiƙayi, Jibrilla kuwa ƙafarsa ɗaya ta huda daɓen rumbu ta zurma har cinya, ya dafe da hannu biyu.

Daga ƙarƙashin rumbun wani abu ya fito a guje yana kururuwa, farin ƙirji, wutsiya a fige. Barira ta saki ƙunshinta, kwanoni suka watse. Ta durƙusa ta leƙa tsakanin duwatsu. Sheƙa ce cike da ƙwai, ƙafar mijinta na reto a kansu, saura kaɗan ta taɓa.

“Malam, kada ka motsa.”

“Barira, hannuna ya gaji.”

“In ka hwasa ko ɗaya, taksi na nan tahe.”

Ya ƙame, jijiyoyin wuya a waje, duk garin na kallo. Ta kwanta rub da ciki, ta sa hannu ta ciro ƙwai ɗaya a hankali ta ajiye cikin ƙwarya. Ba ta yi saurin komawa ba.

“Sau nawa ka ga teku?”

“Barira, mutane hwa.”

“Ƙwan da yawa, ni ba ni sauri.”

“Sau guda.”

Ta ciro wani. “Daga ina?”

“Daga bisa albasa.”

“Kihin da ya hi raƙumi hwa?”

“A jikin gwangwani na gan shi.”

Mata suka riƙe ciki, wani ya faɗo daga bishiya don dariya. Haka ta yi ta yi, ƙwai ɗaya tambaya ɗaya, har tekun Jibrilla ya ƙafe ƙaf. Da ta ɗauke na ƙarshe ta ce ya saki, ya sulale ya zauna cikin tarkace yana haki.

A daidai lokacin taksi ta tsaya a bakin hanya, ta sauke Gwaggo Tala da ƙullin kayanta daga Gidan Sori. Ta kutso tana tambayar wa ya rasu. Idonta ya faɗa kan wasu 'yan abubuwa biyu da suka gangaro tsakar gida, sun daɗe a rana ba wanda ya kula. Ta tsince su, ta rufe da tafin hannu biyu, ta leƙa ta tsakanin yatsu, ta yi murmushi.

“Ashe nan kuke. Tun ranar da zaren ya tsinke nike jan carbi da giɓi.”

Ta zaro carbinta daga wuya, irin mai hasken nan da alhazai ke kawo tsaraba. Ƙwayoyin iri ɗaya sak, sai dai biyun sun ɗan goge.

Jibrilla ya ce da 'yar murya, “Gwaggo, to mi ya hana su haske ɗazu?”

“Ina ka aje su?”

“Cikin hwata, cikin gwangwani, ƙarƙashin gado.”

“Ɗan nan, ai sai sun sha rana suke yi. Ba ka ganin ina shanya shi bisa danga? Duk tsohuwar garin ga ta san haka. Da ka nuna ma mace guda.”

Alhaji ya karkaɗe riga, ya ce shi dai a nemo masa takalminsa ɗaya, kuma in an yi wake a tuna da shi. Iro ya matso ya ce kada bawansa ya damu, duk ranar da yake son aron jaki ƙofa a buɗe take. Mai taksi ya yi oda ya gaji ya tafi. Barira ta wuce ɗaki da ƙwaryar ƙwai a rungume, Hwara na bin ta tana mita, sannan ta leƙo ta ce wa mijinta ya tattara mata kwanoninta ya shigo da su, kuma ya wanke kaskon ruwa sau uku. Bai taɓa jin umarni mai daɗin wannan ba, ya tashi yana ɗingishi ya fara tsinta.

Gwaggo Tala ta zauna a kan turmi, ta kwance zare, ta zura ƙwayoyin biyu kusa da juna, ta ƙulle da haƙori. Ta ja carbin har yatsanta ya iso kansu, ta ji kaushinsu.

“Ko da ido ruhe zan gane su,” in ji ta. “In na zo bisa wannan, in roƙa maka hankali. In na zo bisa wannan, in roƙa ma Barira haƙuri kahin naka shi iso.”